Tumbuɗin Mudassir

Gidan Dabo, Zakirai
Farkon damina

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe ka da zaman baƙunta. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai abin da zan faɗa maka a ƙasa. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi har tana fita ƙofar gida. Ƙaninka Zubair ya shuka gero a gonar bayan gida da ruwan farko, gyaɗa ce yake jira ƙasa ta ƙara sha.

Tun da ka ce inda kuke haƙa rijiyar burtsatse babu sabis ko na tura saƙo, na ga gara in rubuta. Zubair zai kai Kano ya ba Mati direbanku idan ya zo ɗaukar bututu.

Na dawo daga gidanmu na Bagwai ranar Juma'a, na gama wankan jego lafiya. Ɗan da ka bari washegarin suna ba za ka gane shi ba. Ya yi haske, ya yi gashi, girarsa taka ce sak. A tsakar gida ba na kiran sunansa, kada a ce ba ni da kunyar ɗan fari. Amma a takarda babu mai ji na, bari in rubuta: Mudassir.

To ga maganar. Yaron nan yana tumbuɗi da yawa. Tun a Bagwai ya fara, aka ce mini kowane jariri yana yi, alamar ƙoshi ce. Na yarda. Amma nasa ya wuce na sauran. Da ya sha nono, kafin in gyara zani ya dawo da shi. Wani lokaci ya banƙare baya, ya yi ta kuka kamar wani abu yana ƙona shi a ƙirji. Na rana ba ya damu na, wanki ne kawai. Na dare ne ya hana ni sukuni. Ina kwantar da shi sai in ji yana tari, nono ya taso masa har ta hanci, ya ƙware, idonsa ya fito yana neman numfashi. Ina ɗaga shi sai ya saki kuka, ni kuma a lokacin nake tuna cewa ni ma ban yi numfashi ba.

Inna ta ce beli ne. Ta ce da yake a asibiti na haihu, aka yi suna ba a kira wanzami ya cire masa ba, shi ne ya yi tsawo yana tokare masa maƙogwaro. Tana so a kira wanzamin gidanku a satin nan. Na roƙe ta a dakata sai an ji daga gare ka. Ba ta ji daɗi ba, amma ta ce to.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta da sa ƙarfe a bakin yaron nan ba. Ina neman izininka in kai shi asibitin Zakirai a duba shi. Kuma ka faɗa mini abin da ka gani game da wanzamin.

Ka riƙa sa rigar sanyi, na ji an ce ƙasar can akwai sanyin safe.

Matarka,
Zakiyya

Daga wurin aiki, bayan Serti

Zuwa ga Zakiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a gindin inji kafin ma in wanke hannu, yanzu duk shatin baƙin mai ne a jikinta. Ina lafiya. Ki gaida Inna da kyau, ki ce na ji daɗin labarin ƙafarta. Ki ce wa Zubair kada ya bari ciyawa ta riga shi.

Nan muna tsakanin duwatsu. Ruwan sama kusan kullum, amma mutanen garin ba su da na sha sai na rafi, wanda shanu ma shi suke sha. Mun gama rijiya ɗaya, mun koma ta biyu. Ni ne a kan inji, don haka ba ni da halin motsawa. Idan ana son waya sai an sauka Serti, kuma akwai kogi a tsakani.

Na karanta sunan yaron da kika rubuta, na yi ta murmushi ni kaɗai har abokan aiki suka ce ko albashi aka ƙara mini. Amma maganar ƙwarewar nan ta tsaya mini a rai. Ki kai shi asibiti, ba sai kin jira izini a kan irin wannan ba. Zubair ya kai ku a babur, ya tafi a hankali.

Maganar beli kuwa, Zakiyya, ni ban san me zan ce ba. Ni an cire mini, an cire wa Zubair, an cire wa duk 'yan gidanmu, ga mu nan muna yawo. Inna ta raini yara da yawa, ba za ta so jikanta da cuta ba. Kada ki ɗaga mata murya, kada kuma a ji kanku a waje. Ke ma kuma na san ba kya faɗin abu don son rai. Ku duba abin da ya fi, Allah Ya yi mana zaɓi.

Kina samun barci kuwa? Ba ki faɗa mini ba. Ki riƙa cin abinci, kada ki ce sai kin gama wanki.

Na sayi zuma mai kyau a nan, Mati zai bar ta a wurin Zubair. Taki ce da Inna.

Mijinki,
Zaharaddini

Gidan Dabo, Zakirai
Bayan noman farko

Zuwa ga maigidana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, zuma ta iso, mun gode, Allah Ya ƙara buɗi. An yi noman farko, gero ya kai gwiwa.

Na karanta takardarka sau da yawa ina neman inda ka tsaya a maganar wanzami, ban samu ba. Ba ka ce a yi ba, ba ka ce kada a yi ba. Da farko na ji haushi, na ɗauka bayan Inna ka bi kana jin nauyin faɗa mini. Daga baya na ce to, tun da ka bar mini, zan ɗauka.

Mun je asibiti. Wata malamar jinya muka samu, Malama Yagana, ba ta da gaggawa. Ta ɗora shi a sikeli, ta saurari ƙirjinsa, ta buɗe bakinsa ta haska. Ta ce belinsa lafiya lau yake. Ta ce ƙofar cikin jariri ce ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa nono yake dawowa, kuma yawancin yara suna dainawa idan sun fara zama. Na tambaye ta yankan beli. Ta ce, "Ba zai tsayar da tumbuɗi ba. Abin da zai iya jawowa shi ne zubar jini da ciwo a maƙogwaro, yaro ya kasa kama nono. Na ga irinsu."

Ta koya mini abubuwa. In riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada in bari yunwa ta kama shi ya zo yana zuƙa da haɗama. In tsaya a tsakiya in sa shi ya yi gyatsa. Idan ya gama in riƙe shi a tsaye a kafaɗata har nonon ya kwanta. Barci kuma a rigingine, a shimfiɗa mai tauri, babu matashi, ba a kife ba. Wannan na yi mata gardama, na ce ai a rigingine ne zai fi ƙwarewa. Ta ce a'a, a kife ne hatsarin ya fi yawa. Ta ce ban da ruwa, ban da jiƙo, ko zumar nan kada ta taɓa bakinsa. Idan na ga amai kore ko jini, ko numfashinsa ya canja, ko ya ƙi nono, in taho ko da wane lokaci ne.

Na dawo na faɗa wa Inna duka. Ta saurara har na gama. Ranar Asabar da safe ina shanya sai na ji sallamar wanzami a zaure.

Baban Mudassir, ban ɗaga murya ba, Allah ne shaida. Na goya yaron na ɗaure majanyi, na fita na durƙusa na gaishe shi. Inna ta ce, "Sauke shi." Na ce, "Inna, ki yi mini aikin gafara, ba zan iya ba." Ta ce, "Ɗanki ne ko nawa?" Na ce, "Naki ne, Inna. Komai kika ce zan yi, ban da wannan." Ban tashi daga durƙuson ba, ban kuma kwance goyon ba.

Wanzamin dattijo ne mai hankali. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya ce, "Hajiya, ni ba na sa hannu a bakin yaro uwarsa tana cewa a'a. Idan kun daidaita kun san gidana." Ya sha ruwa, ya rataya zabirarsa ya tafi.

Tun ranar Inna amsa gaisuwa kawai take yi. Matan maƙwabta suna cewa 'yar boko ta zo da sabon salo, wai ina rungume da ɗan fari dare da rana babu kunya. Ina ji, ba na tankawa.

Ka tambayi barci. Ina yi a gutsure. Nakan jingina da bango, shi yana kafaɗata, sai na ji jikinsa ya saki sannan in kwantar da shi. Don kada barci ya sace ni yana hannuna, ina bitar surorin da na haddace a Islamiyya, har na dawo da waɗanda suka zube. Yanzu na san shi sarai. Kafin nono ya taso akwai wata 'yar haɗiya da yake yi, ko ina barci ina jin ta.

Mun koma awo shekaranjiya. Ya ƙara nauyi. Malama Yagana ta ce, "Maman Mudassir, kina ƙoƙari." Na dawo a bayan babur ina jin kamar in tsayar da duk wanda muka wuce in faɗa masa.

Matarka,
Zakiyya

Gidan Dabo, Zakirai
Tsakiyar damina

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Kafin komai ka kwantar da hankalinka, dukanmu lafiya muke yanzu, har da Mudassir, ga shi nan a gefena yana wasa da ƙafa. Ban ga amsar takardata ta baya ba. Zubair ya ce Mati bai zo ba, wai hanya ta lalace. Na ce ko fushi ka yi da abin da na yi wa Inna. Idan haka ne ka faɗa mini, ya fi shirun.

Mun ga tashin hankali a satin da ya wuce. Mura ce ta kama shi, hanci ya toshe. Daren Litinin ana ruwa, na ba shi nono, na riƙe shi, na kwantar. Can sai na ji haɗiyar nan, kafin in miƙa hannu nono ya fito ta baki da hanci. Wannan karon bai yi tari ba, bai yi kuka ba. Na haska shi na ga bakinsa a buɗe, leɓensa ya fara yin duhu.

Ban san lokacin da na kira Inna ba. Na kifa shi a hannuna, kansa ƙasa-ƙasa, kamar yadda Malama Yagana ta gwada mini, na riƙa bubbuga bayansa. Inna ta shigo ko ɗankwali babu, ta miƙo hannu za ta karɓe shi. Na ce, "Inna, riƙe mini fitila." Ta riƙe. Na ci gaba. Sai ya yi wani tari, abu ya zubo, ya saki kuka. Ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba.

Amma numfashinsa bai daidaita ba, yana yi da sauri, jikinsa ya yi zafi. Inna da kanta ta fita cikin ruwa ta buga wa Zubair ƙofa. Muka tafi asibiti, aka kwantar da mu. An ce ciwon ya sauka ƙirji. Ya ƙi nono sam, sai tatsa nake yi ana ba shi da ɗan ƙoƙo. Aka yi ta allurai. Inna ba ta koma gida ba, a tabarma ta kwana a bakin gadon. Na farka na gan ta tana kuka a hankali, ta ɗauka ban gani ba.

Ranar Alhamis da hantsi Mudassir ya koma
shan nono. Ya kama da ƙarfi har sai da na ce wash. Zazzaɓi ya sauka, ranar Asabar aka sallame mu.

Na yi zaton da mun dawo Inna za ta ce ga abin da taurin kaina ya jawo. Ba ta ce ba. Abin da ta yi shi ne, washegari bayan sallar asuba ta shigo ɗakina ta ce, "Ya sha?" Na ce ya sha. Ta ce, "Kawo shi. Yaya ake riƙewar?" Na gwada mata. Ta ɗora shi a kafaɗa, carbi a ɗaya hannun, ta ce, "Kwanta." Na yi barci har rana ta fito. Tun ranar kullum haka take yi. Ba ta janye maganar beli ba, jiya ma ta ce a zamaninsu da tuni an wuce wurin. Amma ba ta sake aika wa wanzami ba.

Gero ya fara fitar da kai. Ka rubuto, ko layi biyu ne.

Matarka,
Zakiyya

Daga wurin aiki, bayan Serti

Zakiyya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau Mati ya iso da takardunki guda biyu. Ta farko lafiya lau take, na karanta labarin wanzami. Ta biyun ta jiƙe a wurin ƙetare kogi, ta manne. Da na buɗe, sama da ƙasa suka ɓaɓɓake a hannuna, tsakiya kawai ta rage. Na ga inda kika ce leɓensa ya yi duhu. Na ga an kwantar da ku, ya ƙi nono, Inna tana kuka. Layin ƙarshe da ya rage shi ne wanda kika ce ranar Alhamis da hantsi Mudassir ya koma.

Na tambayi Mati ko Zubair ya faɗa masa wani abu. Ya ce bai gan shi ba, a hannun maigadin ofishinmu na Kano ya karɓi takardun.

Allah Ya ba mu, Ya karɓi abinSa. Allah Ya sa mai ceto ne. Sau ɗaya na ɗauke shi da kyau, ranar suna, ina ta tsoron kada ya suɓuce. Duk sauran saninsa da na yi, a takardunki na yi.

Mati zai juya yanzu kafin kogi ya ƙara cika. Ba zan iya bin sa ba, ƙarafanmu suna cikin rami, idan na bar su ramin zai rufta da su. Da na ciro su zan taho. Amma akwai maganar da ba zan bari ta jira ni ba, don na san garinmu, na san abin da za a fara faɗa tun kafin a tashi daga zaman makoki.

Za a ce da an cire beli da bai tafi ba. Kada ki saurara. Ba laifinki ba ne. Abin da kika yi ranar da wanzami ya zo daidai ne, kuma ni ya kamata in faɗa tun farko, na bar ki ke kaɗai a durƙushe. Ko yau aka mayar da mu ranar, abin da zan ce ki yi ke nan. Duk wanda zai yi magana ya jira ni, ni na hana.

Na karanta yadda kike jingina da bango da shi a kafaɗa, da yadda kika san haɗiyarsa ko kina barci. Ban san wata uwa da ta yi wa ɗanta abin da ya fi haka ba. Kwanakin da Allah Ya ba shi kaɗan ne, amma a kafaɗarki ya yi su, bai san wulaƙanci ba. Mutanen da nake aiki da su na karanta musu wurin, don ina so su san wace ce matata.

Ki karanta wa Inna wannan. Inna, ki yi haƙuri, ki yafe mana. Na san son jikanki ne ya sa. Ina roƙon ki riƙe Zakiyya kamar ke kika haife ta, kada ki bari kowa ya faɗa mata magana har in zo.

Ki ci abinci, Zakiyya, ko ba kya so.

Mijinki,
Zaharaddini

Gidan Dabo, Zakirai
Gab da kaka

Zuwa ga Baban Mudassir,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. MUDASSIR YANA LAFIYA, na rubuta da manyan baƙi a sama, zan kuma rubuta a tsakiya da ƙasa. Wannan karon a leda biyu zan ƙulle takardar.

Har yanzu idan na tuna wayar da ka bugo mini daga Serti sai jikina ya yi sanyi. Ina tankaɗe na ga lambarka, na ɗauka da murna, sai na ji ka ce, "Zakiyya, ya haƙuri?" Na ce, "Haƙurin me? Wa ya rasu?" Ni kuma na ɗauka a wurinku aka yi rashi, ina ta tambaya. Sai mutumin naka da ke bayana ya ga an daina jijjiga shi, ya tsala kuka. Ka ce, "Kukan wa nake ji?" Na ce, "Na wa kuwa, in ba ɗanka ba?"

Ban taɓa jin kukanka ba sai ranar. Na sa wayar a kunnen yaron, ya yi shiru yana saurare, sannan ya nemi ya cusa ta a baki. Zubair da ya ji labari sai da ya zauna a kan turmi. Ya ce daga yau hannu da hannu zai riƙa ba Mati takarda, da bayani da baki.

Na ji daɗi da ka yarda ka koma ka ƙarasa wa mutanen nan rijiyarsu. Ka riga ka sauko Serti da jakarka, na san ba ƙaramin abu ba ne ka juya.

Ka ce mini akwai takardar da Mati zai kawo, in ta zo in sa a murhu kada in buɗe. Na ce to. Ta zo ranar Laraba. Ka yi mini afuwa, na buɗe.

Na shiga ɗaki na karanta, yaron yana kan cinyata yana jan gefen takardar. Abu ne mai nauyi uwa ta karanta ta'aziyyar ɗanta yana raye, ba na yi wa kowa fatan haka. Sau biyu ina ajiyewa in ɗora hannu a ƙirjinsa. Amma ban yi da-na-sanin buɗewa ba. Da yaron yana lafiya ka rubuto ka ce na yi daidai, da na ji daɗi, in ce ai don abin ya yi kyau ne. Kai kuwa ka faɗa ne a lokacin da ka ɗauka ya tafi, lokacin da kowa zai nemi wanda zai ɗora wa. Tun ranar wanzami akwai abin da yake tokare a ƙirjina, ranar Laraba ya sauka. Mun zo tsakiyar takarda, Mudassir yana lafiya.

Na yi ta tunanin ko in karanta wa Inna. Da asuba da ta zo karɓarsa na ce, "Inna, akwai saƙonki a takardar da ya rubuta kafin ya san gaskiya." Ta ce in karanta. Na karanta tun daga farko, ban tsallake komai ba, har wurin da ka ce kai ka hana. Ta shafa bayan yaron. Sannan ta ce, "Wato har sai ya roƙe ni in riƙe ki?" Na ce, "Hankalinsa ne a tashe, Inna." Ta ce, "Ɗauko abin rubutu."

Ga saƙonta, yadda ta faɗa: "Ka ce in riƙe Zakiyya. Daren da yaron nan ya ɗauke numfashi, ni da na haifi bakwai na rasa abin yi, ita ce ta ce in riƙe fitila. Ban ga wanda zai faɗa mata magana ina zaune ba. Maganar beli kuma na bar muku, ku da zamaninku. Ka gama aikin mutane ka dawo, ɗanka ya yi nauyi, kafaɗata ta fara gajiya."

Gaskiya ta faɗa, ya yi nauyi. A awon jiya sai da Malama Yagana ta sake duba sikelin. Wuyansa ya tsaya, yana juyawa da kansa, idan aka tallafe shi yana ɗan zama. Rabonsa da ƙwarewar dare tun kafin gero ya yi ido. Wata maƙwabciyarmu, cikin masu cewa ba ni da kunya, ta aiko 'yarta mai jego in gwada mata yadda ake sa jariri gyatsa. Na gwada mata, ban ce komai ba, amma ranar har waƙa na yi a wurin daka.

Tumbuɗin rana dai yana nan, ya ragu amma bai tafi ba. Don haka ga shawara. Na san ka, za ka sauka a Kano ka yi aski, ka sa sabuwar shadda ka shigo gari. Ka sa abinka, mutane su gani. Amma kafin ka miƙo hannu ka ce a ba ka shi, ka tuɓe ta ka rataye. Liman ma da ya ɗauke shi ranar Juma'a don ya yi masa addu'a, sai da ya koma gida ya canja riga.

Mudassir yana lafiya.

Matarka,
Zakiyya